Karen maƙwabci ya ciji ɗana: in karɓi kuɗin sulhu ko in tafi kotu?

Tambaya: Assalamu alaikum Barista. Ni mazaunin Kano ne, tela. Mako 2 da suka wuce ɗana mai shekara 8 yana dawowa daga Islamiyya, sai maigadin wani maƙwabcinmu ya buɗe get mota za ta fita, wani ƙaton kare ya fito ya kayar da shi, ya cije shi a ƙafa da hannu, ya yaga masa kunci. Mai gidan ya kai shi asibitin kuɗi, ya biya na ranar farko. Yanzu ya aiko mai unguwa da naira 50,000 da wata takarda, wai in sa hannu magana ta wuce tunda ƙaddara ce. 'Yan layinmu sun ce bara ma karen ya taɓa bin wani almajiri har ya yaga masa riga. Ba ni da halin ɗaukar lauya. Shin ina da haƙƙi? In karɓa ko in kai ƙara?

Amsa: Wa'alaikumus salam Malam. Ya mai jiki? Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare gaba.

Kana da haƙƙi, kuma mai ƙarfi ne, ko a kotun majistare aka je ko a kotun shari'ar Musulunci. Amma takardar nan kada ka sa mata hannu yanzu, kada kuma ka dangwala yatsa. Ka karɓe ta hannu biyu, ka gode wa mai unguwa, ka ce za ka yi shawara, ka ɗauki hotonta ka ajiye. Dalilin zai fito a gaba.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma ya fi maganar kuɗi gaggawa. An yi wa yaron allurar rigakafin ciwon haukan kare? Ba ta tetanus nake nufi ba, wadda ake yi wa duk mai rauni. Ta haukan kare ba sau ɗaya ake yin ta ba: ana farawa ranar da aka je asibiti, a koma rana ta 3 da ta 7, a tsarin da asibitoci da yawa ke bi kuma a ƙara a rana ta 14 da ta 28. Cizon da ya huda fata, balle a fuska, Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa shi a mataki na 3, mafi hatsari, inda bayan rigakafin ake so a yi wata allura mai suna imunogulobulin a cikin raunin da gefensa. Cutar takan ɓuya wata 2 zuwa 3, wani lokaci har shekara, kuma da zarar alamunta sun bayyana da wuya a tashi. Idan ba a fara ba, ka kai shi babban asibiti yau, ko da mako 2 sun wuce. Sannan ka nemi ganin karen da idonka ko ta hannun likitan dabbobi. Karen da ya yi kwana 10 bayan cizo yana nan lafiya lau, alama ce mai kwantar da hankali, amma likita ne zai ce a dakatar da allura, ba mai kare ba. Ka nemi katin rigakafin karen ka ɗauki hotonsa, ka duba kwanan wata, domin allurar ana sabunta ta. Idan aka ce maka karen ya mutu ko "an kai shi gona", ka gaya wa likita nan take. Wanda ya mutu ana iya aika kansa cibiyar binciken dabbobi ta Vom a Jihar Filato a gwada.

To, ga doka. Ƙa'idar da manyan kotunanmu da na majistare ke bi kan ɓarnar dabba daga Ingila muka gaje ta, kuma ta raba dabbobi gida biyu. Na dawa, irin su zaki da kura da biri, wanda ya ajiye su duk abin da suka yi a wuyansa yake, babu tambayar ko ya san halinsu. Masu yawo da kura a kasuwa su ji da kyau. Kare kuwa, komai girmansa da tsadarsa, a cikin dabbobin gida aka lissafa shi, kuma a nan sai mai ƙara ya tabbatar da abu biyu: karen yana da halin kai wa mutane hari, kuma mai shi ya san da hakan tun kafin ranar. Idan waɗannan biyun suka tabbata, uzurin da ya rage wa mai kare kaɗan ne. Ba zai ce ai na ɗaure shi da sarƙa ita ce ta tsinke ba, ba zai ce ina Abuja lokacin ba.

Shi ya sa a duk wasiƙarka babu jimlar da ta kai ta almajirin nan daraja, ga shi kuwa ka kawo ta a ƙarshe kamar wani ƙarin bayani. Ba dole sai karen ya taɓa cizon wani har jini ya fita ba. Ya isa a nuna ya taɓa yunƙurin cizon mutum, kuma labarin ya kai ga mai shi. Shi ma "ya kai ga mai shi" ɗin doka ta faɗaɗa shi. A shari'ar Daryani da Njoku ta 1965 a nan Najeriya, karen ya taɓa cizon mai aikin gida, aka gaya wa matar mai gidan, kotu ta ce sanin matar sanin mijin ne, ta ɗora masa alhaki. Haka sanin yaron gidan da aka ɗora wa kula da karen. Idan maigadin nan shi ne ke ba karen abinci, shi ke ɗaure shi ya kwance shi, kuma a gabansa aka yaga wa almajiri riga, to Alhaji ya sani a idon doka, ko da ya rantse ba wanda ya gaya masa. Amma ka lura, halin da ake nema shi ne na kai wa mutum hari. Tun 1896 wata kotu a Ingila ta ce karen da aka san ya ciji akuya ba shi ke nuna an san zai ciji mutum ba. Saboda haka labarin cewa ya kashe wa wance kaji ko ya kori tumakin wane, ka ajiye shi a matsayin ƙari, kada ka dogara da shi.

Aikinka na wannan makon ke nan, kuma aiki ne da kai ka fi lauya iya shi. "'Yan layi sun ce" ba shaida ba ce. Wa ya gani da idonsa? Mai shayin bakin layi ne, ko mai cajin waya, ko ɗan acaɓan da ke tsayawa a kwana? Almajirin ɗan wace makaranta ne, wane ne malaminsa? Almajirai suna tashi, damina ta faɗi a koma gida noma, wani ba zai dawo ba, don haka ka neme shi tun yana kusa. Malamin ya je ya yi ƙorafi a gidan? Wa ya tarar? An ba shi kuɗin riga? Idan an biya kuɗin rigar nan, ko naira 1,000 ce, magana ta ƙare, domin ba a biyan ɓarnar da ba a san da ita ba. Ka tambayi mai unguwa cikin hikima ko an taɓa kawo masa ƙorafin karen, ka kuma tuna cewa yanzu yana sanye da hula biyu, ga shi ɗan aiken sulhu, ga shi mai yiwuwa babban shaidarka. Maigadi kuma ka bi shi a hankali. Sau da yawa shi ake fara kora bayan irin wannan, ya koma garinsu, ya tafi da rabin shari'ar a bakinsa. Ka karɓi lambarsa da ta wani ɗan'uwansa.

Ko da an rasa shaida kan abin da ya faru bara, akwai ƙofa ta biyu, wato sakaci. A nan ba ruwan kotu da tarihin karen. Abin tambaya shi ne: mai hankali zai buɗe get a layin da yara ke wucewa, lokacin tashin Islamiyya, alhali ƙaton karen gadi yana sake a tsakar gida? Kuskuren da maigadi ya yi a bakin aikinsa kuwa, wanda ya ɗauke shi aiki ne ke ɗaukarsa. Idan wani kamfanin tsaro ne ya kawo maigadin da karen, a haɗa da kamfanin a ƙarar. Idan mutumin haya yake yi, mai karen ake bi, ba mai ginin ba, sai dai in shi ma yana da hannu a ajiye karen. Allon nan da ake liƙawa a get mai cewa a yi hattara da kare ba ya kare kowa daga abin da ya faru a kan titi. Yana iya amfanar mai gida kan wanda ya kutsa ciki ba izini, amma ɗanka a hanyar kowa da kowa yake tafiya.

Ka shirya jin cewa yaron ne ya tsokani karen. Kusan kullum abin da ake cewa ke nan: yaran layi suna jifan get, suna leƙe, suna kwaikwayon haushi. Ka zauna da ɗanka ka tambaye shi a natse, ba da tsawa ba, ka san gaskiya tun kafin lauyan wancan ɓangaren ya tono ta. Ko da akwai wani abu, kotu ba ta auna ɗan shekara 8 da ma'aunin babba, kuma abin da yakan jawo shi ne a rage kuɗin, ba a kori ƙarar ba.

Yanzu maganar ƙaddara. Gaskiya ce, babu mai musun ta, amma ba ta taɓa sauke lamuni daga wuyan kowa ba. Da tana saukewa, da Alƙur'ani bai wajabta diyyar kisan kuskure ba. Wataƙila wani ya jawo maka hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito cewa raunin da dabba ta yi ba shi da ramuwa. Hadisi ne ingantacce, amma malamai sun ɗora shi a kan dabbar da ta yi ɓarna ita kaɗai ba tare da sakacin kowa ba. A Muhtasar, littafin fiƙihun Malikiyya, Shehu Halil ya jera ajiye kare mai cizo bayan an gargaɗi mai shi tare da haƙa rijiya da ɗaure dabba a kan hanya, cikin abubuwan da ke jawo wa mutum alhakin rai. Masu sharhi suka fayyace: wanda ya ajiye karen don cutar da wani takamaiman mutum, kuma ya halaka shi, ƙisasi ne. Wanda ya ajiye shi don wata buƙata da ta halatta, kamar korar ɓarayi, lamuni na hawa kansa idan an riga an gargaɗe shi a gaban hukuma ko shaidu. Wanda kuwa ya ajiye shi ba da wani dalili karɓaɓɓe ba, alhali ya san mai cizo ne, zai biya ko ba a gargaɗe shi ba. Ka ga ita ma wannan hanyar a wuri guda ta ɓulle da waccan: me mai karen ya sani kafin ranar, kuma wa zai shaida. Ba na shiga gardamar halaccin karen gadi a cikin gari. Ana ruwaito cewa Ibn Abi Zaid mai Risala, wanda ya rubuta cewa ba a ajiye kare a gidajen birni, shi da kansa ya ajiye lokacin da katangarsa ta faɗi, da aka yi masa magana ya ce da Malik ya riski zamaninsu da zaki zai ajiye. Mutum ya tsare gidansa, ba laifi, amma ya ɗauki nauyin abin da ya ajiye.

Fiƙihun Malikiyya yana da wata ƙa'ida da ta yi daidai da halin da kake ciki: ba a yanke diyyar rauni sai ya warke. Wasu raunukan an ƙayyade musu adadi. Wanda ya kai ga ƙashi a kai ko goshi ko kunci, raƙuma 5 ne, wato kashi 1 cikin 20 na cikakkiyar diyya. Ido ɗaya rabin diyya ne. Sauran kuwa alƙali ne ke ƙiyastawa gwargwadon aibin da suka bari. Inda ake samun ƙaranci shi ne raunin da ya warke sumul ba tabo, wanda asalin mazhaba ba ta yanka masa komai ba, sai dai Ibn Arafa ya zaɓi a ɗora wa mai laifi ladan likita da kuɗin magani. Saboda haka ka tambayi likita tun yanzu ko raunin kuncin ya kai ƙashi, ya kuma rubuta. Kotun shari'ar Musulunci tana da sauƙin kuɗi, da Hausa ake yi, kana iya tsayawa da kanka, amma sai idan wanda kake ƙara Musulmi ne ko ya yarda a yi a can, kuma za a nemi shaidu baligai adilai. Shaidar ƙaramin almajiri ba za ta tsaya a kan babba ba, malaminsa ko mai shayi za a nema. A ɗaya ɓangaren, Dokar Shaida ta 2011 ta yarda yaro ɗan ƙasa da shekara 14 ya ba da shaida ba tare da rantsuwa ba idan alƙali ya gamsu da hankalinsa.

A kotun majistare ko babbar kotu, abin da za a nema kashi biyu ne. Na farko kuɗin da suka fita daga aljihu, kuma wannan sai an jera shi ɗaya bayan ɗaya a takardar ƙara an kuma kawo hujjar kowanne. Nan ne talaka ya fi yin asara, domin muna sayen magani a kemis mu jefar da leda da rasit. Daga yau ka sami ambulan guda, komai ya shiga ciki: katin asibiti, takardar da likita ya rubuta magani, rasit mai hatimi, kwalin allura, saƙon banki idan tiransifa ka yi. Kemis ɗin da ka riga ka saya ba rasit, ka koma su rubuta maka da ainihin ranar. Kuɗin Adaidaita ba shi da rasit, sai ka buɗe ɗan littafi kana rubuta rana da inda aka je da abin da aka biya. Kwanakin da ka rufe shago kana jinya ma ka rubuta, da ɗinkin da ka mayar wa masu shi, ko da yake alƙali zai fi tsananta bincike a kan wannan. Rigar Islamiyyar da ta yage, da jininta, kada a wanke, kada a yar.

Kashi na biyu shi ne wanda alƙali ke ƙiyastawa: azabar da yaron ya sha, firgitar da ke tashinsa cikin dare, tsoron bin layin, makarantar da ya rasa, da tabon da zai rayu da shi a fuska. Abin da ke ɗaga wannan shi ne rahoton likita da hotuna. Rahoton da ya ce "kare ya cije shi, an yi masa magani" bai ce komai ba. Ana son wanda ya faɗi wurin kowane rauni da tsawonsa da zurfinsa, ko jijiya ta taɓu, me aka yi, me ya rage a yi nan gaba da kimanin kuɗinsa. A Kano kana iya neman a tura ku wurin likitan gyaran fata a Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano ko Asibitin Ƙashi na Dala. Hotuna kuma ka riƙa ɗauka duk mako, da rana, a waya ɗaya, kada ka goge na asali, kada ka sayar da wayar. Sashe na 84 na Dokar Shaida yana neman bayani kan na'urar da aka ɗauki hoto ko saƙo da ita kafin kotu ta karɓa. Duk saƙon WhatsApp da mai karen ya turo na ban haƙuri ka adana. Idan akwai kyamarar tsaro a gidan ko a wani shago kusa, a nema da wuri, domin yawancinsu suna share tsohon hoto da kansu.

Ga dalilin da ya sa na hana ka sa hannu. Diyyar rauni sau ɗaya ake biyan ta. Idan ka rubuta cewa ka karɓi naira 50,000 magana ta ƙare, bayan wata 6 tabon ya taso ya yi tudu, irin wanda likitoci ke kira keloyid, wanda ya fi yawa a baƙar fata, aka ce sai tiyata, zai yi maka wuya ƙwarai ka sake buɗe maganar. Mako 2 bai isa kowa ya san yadda fuskar nan za ta kasance ba. Sannan haƙƙin ba naka ba ne, na yaron ne, kai waliyyi ne kawai. A fiƙihu waliyyi ba ya yafe dukiyar ƙaramin yaro a banza, a babbar kotu ma sulhun da aka yi a madadin yaro a ƙarar da ke gabanta sai alƙali ya duba ya amince. Wannan ita ce amsar da za ka ba mai unguwa ba tare da ka ɓata da kowa ba: ranka ya daɗe, da nawa ne da na bari, amma na yaro ne, a jira ya warke likita ya yi magana. Kuɗin kuwa kana iya karɓa idan an rubuta ƙarara cewa wani ɓangare ne na kuɗin magani, ba rufe magana ba. Idan an ce sai dai da waccan takardar, a mayar masa da abinsa.

Ba ina zuga ka ka tafi kotu ba ne. A ganina sulhu ya fi maka, da sharaɗin a yi shi bayan ka tara hujja, kuma a rubuce. Maƙwabcinka ne, gobe za ku haɗu a masallaci ko a jana'iza, kuma shari'a a babbar kotu tana cin shekaru, a ɗaukaka ƙara, naira tana zubewa, abin da aka yanke maka bana ba zai sayi abin da yake saya ba ranar da ya shigo hannu. Kano tana da cibiyar sulhu ta babbar kotu tun 2009, wadda ake kira Multi-Door, kana iya shiga da ƙafarka ba sai ka shigar da ƙara ba, kuma yarjejeniyar da aka cimma a can idan alƙali ya sa mata hannu ta zama kamar hukunci. Hisba ma tana irin wannan zama. Ko a ina aka yi, takardar ta ƙunshi sunan yaron da ranar da abin ya faru, amincewar mai gidan cewa karensa ne, jimillar abin da aka kashe, alƙawarin ɗaukar duk maganin da likita ya rubuta nan gaba har da tiyata, adadin da za a ba yaron na rauni da ranar biya, da shaidu biyu daga kowane ɓangare. Kuɗin yaron a sa a asusun banki da sunansa. Amfanin rubuta adadi da rana shi ne, idan aka saɓa, maganar ta koma bashi tsantsa, wanda ƙaramar kotun bashi mai saurin yanke hukunci za ta iya saurara.

'Yan sanda fa? Kana da damar kai rahoto, domin Final Kod, wato kundin dokar laifuka, ya hukunta wanda ya yi sakaci da dabbar da ke hannunsa har ta zama hatsari ga mutane, ya kuma hukunta jawo rauni ta hanyar ganganci. Sashe na 78 na kundin ya ba alƙali ikon sa wanda aka samu da laifi ya biya wanda ya cutu, dokar gudanar da shari'ar laifuka ta Kano ta 2019 ma ta tanadi haka. Amma hukuncin mai sauƙi ne, kuma mai gabatar da ƙara ba lauyanka ba ne, ba shi zai zauna yana lissafa maka rasit ba. Amfanin rahoton shi ne ya kafa tarihin abin a rubuce da kwanan wata, ya kuma sa mai gidan ya san ba wasa ake ba. Idan ka ga maganar tana neman mutuwa a ofis, ana iya kai ƙorafi kai tsaye gaban majistare. Abin da ba na so shi ne samarin layi su ɗauki doka a hannu, a sa wa karen guba ko a farfasa get. Ranar da aka yi haka kai za ka koma wanda ake ƙara. Haka nan ɗora hoton gidan da sunan mutumin a Facebook ana zagi, ka hana 'yan'uwa.

Rashin kuɗin lauya kuma bai rufe maka hanya ba. Hukumar ba da tallafin shari'a ta ƙasa, Legal Aid, wadda aka kafa a 1976, tana da ofis a Kano, kuma dokarta ta 2011 ta haɗa da neman diyyar haɗari ga wanda abin da yake samu bai wuce mafi ƙarancin albashi ba, wanda ya koma naira 70,000 a 2024. Ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA tana karɓar al'amuran yara. Reshen ƙungiyar lauyoyi ta NBA yana da masu aikin sa-kai, sashen koyar da shari'a na Jami'ar Bayero ma yana da ɗakin ba da shawara kyauta. Sannan ƙa'idar aikinmu ta yarda lauya ya karɓi ƙarar neman haƙƙi bisa sharaɗin sai an samu a ba shi wani kaso. Idan haka za ku yi, a rubuta kason, a rubuta wa zai biya kuɗin shigar da ƙara da na kai sammaci, kuma kason daga jimilla za a cire ko bayan an fitar da kuɗin magani. Ka guji 'yan kamashon bakin kotu masu cewa sun san alƙali. Sau da yawa ma abin da ake buƙata bai wuce wasiƙa guda mai hatimin lauya ba, wadda ta jera abin da ya faru da abin da ake nema da wa'adin amsa. Mai hali da ya ga an ambaci almajirin bara da sunan malaminsa a cikin wasiƙa, yakan nemi a zauna.

Idan ka shiga intanet za ka ga tallan lauyoyin cizon kare da maganar dubban daloli. Na Amurka ne. A jihohi irin su Kalifoniya doka ta ɗora wa mai kare alhaki ko karen bai taɓa cizon kowa ba, kuma galibi kamfanin inshorar gida ne ke biya. A nan daga aljihun mutum kuɗin zai fito, don haka kada ka sa rai da irin waɗancan alƙaluma. Amma ba laifi lauyanka ya tambaya ko akwai inshora, musamman idan kamfanin tsaro ko otal ko makaranta ne ke da karen.

Akwai wa'adin shigar da ƙara, kuma kowace jiha da nata. A Legas shekara 3 ne ga rauni irin wannan. Yawanci ana sassauta wa ƙananan yara, amma kada ka jingina da hakan, shaidu suna mantuwa, suna ƙaura. Ga masu karatu da karen hukuma ya ciza, na 'yan sanda ko na wata ma'aikata, nasu ya fi tsanani: dokar kare jami'an gwamnati wata 3 kacal ta bayar.

Abu na ƙarshe da za ka yi cikin makon nan, ko an yi sulhu ko ba a yi ba: ku rubuta wa mai gidan takardar gargaɗi, kai da magidantan layin, cewa karensa ya ciji yaro a rana kaza, kuna neman ya riƙa kulle shi a keji kafin a buɗe get, ya kuma nuna katin rigakafinsa. Mai unguwa ya sa hannu, liman ya sa, a kai wa dagaci kwafi, a kai wa sashen kula da dabbobi na ƙaramar hukuma kwafi, wanda ya karɓa a gidan ya rubuta sunansa da kwanan wata a kan naku kwafin. Idan rahoton likita ya fito, ka turo mini shi tare da hoton takardar da aka kawo maka, in duba kafin ku zauna.